Memorin kamu, da dalilin da ya hana ni kai shi Ikeja

Aikina ɗaukar hoton biki ne, amma inda ake kirana shi ne inda namiji ba ya shiga: sa lalle, kamu, wunin mata, da sunan da ake yi a tsakar gida. A Agege aka haife ni, a nan na yi aure, kuma shekara 7 ke nan ina rataye da kyamara tsakanin Agege da Idi-Araba, wani lokaci har Alaba Rago ko Obalende. Matan da ke kirana suna yi ne don su samu su ajiye mayafi, su taka rawa, su ƙyalƙyale da dariya, sun san wadda ke bayan kyamarar mace ce 'yar'uwarsu. Wannan amanar ita ake biya na kuɗinta tun kafin a zo maganar kyan hoto.

Wata Asabar a daminar bara ana kamun 'yar wata Hajiya da muke unguwa ɗaya. Ƙawayen amarya da dangin ango sun ja ciniki, an kai ruwa rana, an daidaita. Gwaggon ango ta matso da kwalbar turare a hannu, amarya na sunkuye cikin lulluɓi, ni kuma na durƙusa a gabansu na danne maɓalli ina ɗauka a jere ba ƙaƙƙautawa, don irin wannan lokacin sau ɗaya yake zuwa. 'Yar jar fitilar da ke bayan kyamara tana ta ƙiftawa, alamar tana kan zuba hotuna cikin memori. Sai allon ya yi baƙi ƙirin. Batir ya mutu. Ba na kamfanin kyamarar ba ne, ɗan araha ne da na saya don ko-ta-kwana, kuma minti 5 kafin nan yana nuna min da saura rabi.

Na sauya batir, na kunna, kyamara ta ce ba ta iya karanta memorin. Na kashe, na zare shi, na mayar, amsa ɗaya. Guɗa na tashi a kaina, ni zufa ce ke karyo min. Tun ƙarfe 3 na rana nake ɗauka, hoto sama da 600 na cikin ɗan abin nan: kwalliyar amarya, lallenta, kakarta da aka taso daga Katsina, komai. Kyamara ta kawo zaɓin yin fomat, ban taɓa ba. Na zare memorin na ƙulle shi a gefen ɗankwalina, na sa wani, na ƙarasa aiki. A duk abin da na yi a daren nan, wannan ƙullin shi ya cece ni.

Wajen 11 na dare na isa gida na soka shi a laftof. Windows ta ce sai an yi wa wannan faifan fomat kafin a iya amfani da shi, ta aje min maɓalli a gabana. Na kira ƙanena, mai gyaran waya ne a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja.

"Yaya, ɗauke hannunki. Kada ki danna komai, zare shi kawai. Litinin ki kawo min shago, akwai wanda ya ƙware a wannan a layinmu."

Na ce masa memorin nan ba zai fita daga gidana ba. Matan aure ne a ciki, wasu ko ɗankwali babu a kansu, kuma sun saki jiki ne don sun ga ni ce. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To shi ke nan, gobe da safe ina tafe."

Ya zo da ridarsa, wato 'yar na'urar da ake soka memori a ciki don kwamfuta ta karanta shi, da wani babban faifan ajiya. Na shimfiɗa masa darduma, ya zauna ya fuskanci ƙofa, ya ba allon baya. Ni ke karanta masa abin da kwamfuta ta rubuta, shi yana faɗa min abin da zan danna. Haka muka wuni, ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Da a ce shi ya karɓi laftof ɗin ya yi da kansa, da har yau ban san komai a kai ba.

Abin da ya fara sa ni shi ne na ja ɗan abin zamiyar nan da ke gefen memori zuwa ƙasa, wato na kulle shi. Wannan makullin ba ya yanke komai a cikin memorin, rida ce ke jin inda yake ta hana kwamfuta rubutu, shi ya sa ake son rida mai kyau. Amfaninsa babba ne, domin Windows kan ajiye 'yan fayilolinta a duk abin da aka jona mata ba tare da ta tambayi kowa ba. Sannan ya ce mu fara zargin masu sauƙi. Na goge haƙoran zinaren memorin da busasshen ƙyalle mai laushi, domin danshin Legas a damina yana sa su dushe, kuma ya hana ni hura musu iskar baki. Muka gwada ridarsa maimakon tawa, muka sauya rami. Akwai tsofaffin ridodi da ba su san memorin da ya haura GB 32 ba. Daga sama da GB 2 zuwa 32 ana ce musu SDHC, tsarinsu FAT32. Abin da ya haura nan zuwa TB 2 kuma SDXC ne, tsarinsu exFAT. Tsohuwar na'ura kan ga lafiyayyen SDXC ta ce a yi masa fomat. Nawa na GB 32 ne, kuma duk inda muka soka shi maganar ɗaya ce.

Ya ce na buɗe inda Windows ke jera faifayen da ke jone da ita, na karanta masa girman da ta nuna. Na ce 29.7. Ya ce, "Alhamdu lillahi, yana da rai." Memorin GB 32 kusan haka yake nunawa a kwamfuta saboda bambancin lissafi. Da ya nuna 'yan megabait, ko bai bayyana ba sam, ko yana ɗaukar zafi a hannu, to ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi ce ta mutu, babu manhajar da za ta yi magani. Wannan sai masu kayan aiki na musamman da ke karanta ma'ajiyar ciki kai tsaye, da tsada, kuma ƙananan memorin waya sun fi wuya don a dunƙule aka zuba su.

Yadda ya fahimtar da ni abin da ya faru, da littafin Babanmu ya yi. Marigayi Baba dillalin albasa ne a Mile 12. In mota ta sauka daga Aliero, yana da littafin da yake rubuta buhu nawa ne na wa, da inda aka jibge su a rumfa. Memori ma yana da irin wannan littafin a farkonsa: sunan kowane hoto, inda ya fara, da guraben da ya bi. Duk hoton da aka ɗauka, kyamara na zuba shi sannan ta gyara littafin. Batirina ya mutu ne alƙalami na kan takarda. Littafi ya ɓaci, amma albasa na nan a rumfa. Fomat na gaggawa sabon littafi yake buɗewa fari fat, ya ce rumfa babu kowa. Shi kansa ba ya kwashe kaya, sai dai daga nan duk sabon abin da ya shigo kan tsohon zai sauka ya murƙushe shi, kuma abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi ke nan har abada. Akwai kuma kyamarorin da fomat ɗinsu share komai yake yi tas, musamman in an zaɓi mai zurfi. Don haka ba abin gwaji ba ne.

Na tambaye shi wancan gyaran da Windows kan yi tayi, wanda ake kira chkdsk. Ya ce garin neman gira ake rasa ido. Shi damuwarsa littafi ya daidaita, ko da zai yayyanka hotunanki ya tara su a wata folda mai suna FOUND.000, kowanne da wutsiyar CHK. Kuma a kan memorin kansa yake rubutu, in ya ɓata babu komawa.

Abin da muka yi shi ne kwafin memorin gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, har da inda ake ganin babu komai, zuwa fayil guda a babban faifansa. Da wata manhaja mai suna TestDisk muka yi, ta fitar da fayil mai suna image.dd. Ya ci kusan minti 40, a tsakiya aka ɗauke wuta, maigidana ya tada janareta don kada cajin laftof ya ƙare. Da ya kammala na zare memorin na mayar gidansa, ban sake taɓa shi ba. Duk sauran aikin a kan kwafin aka yi. In an yi kuskure, a sake wani kwafin.

Sai PhotoRec. Tare suke zuwa da TestDisk, wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ne ya rubuta su, kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Ita ba ruwanta da littafi, rumfa take shiga tana bin buhu ɗaya bayan ɗaya tana duba tambari. Kowane hoton JPEG da lambobin FF D8 yake farawa, ya ƙare da FF D9. Ta ga farkon, sai ta bi shi ta kwaso ta ajiye. Doka ɗaya ce ƙanena ya maimaita min har sau uku: inda za ta zuba abin da ta samo kada ya zama memorin da ake ceto.

Bayan kamar awa ɗaya foldoji 5 suka fito, recup_dir.1 zuwa recup_dir.5, fayil sama da 2,000. Sunayen asali sun tafi tare da littafi, kowanne ya koma harafin f da dogayen lambobi. Na buɗe na farko, sai ga hannun amarya da jan lalle a kan farin leshi. Na ce, "Sun fito." Ƙanena yana kallon ƙofa ya ce, "Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, Yaya, kada ƙananan hotunan su ruɗe ki."

Kafin na zo kan wannan, ga abin da ya fi girgiza ni. Fayilolin sun fi abin da na ɗauka a kamun yawa. Ina gangarawa sai ga wata mai jego a Idi-Araba, zaune a bakin gado da jaririnta, sunan da na ɗauka wata 8 da suka wuce. Na yi wa memorin nan fomat ya fi sau 10 tun daga lokacin, amma da yake ban cika shi maƙil ba, can ƙarshensa tsofaffin hotuna na kwance. Duk wanda na miƙa wa memorin nan a shago, da ya ga matan gida uku ko huɗu da ba su san da maganar ba. Ba ina cewa masu gyara ba su da amana ba ne, ƙanena ma a cikinsu yake cin abinci. Amma matar nan ni ta yarda na shiga ɗakinta, ba wani ba. Na ware na kamun ta hanyar jera su bisa ranar ɗauka, wadda kyamara ke cusawa cikin kowane hoto a bayanan da ake kira Exif, na goge sauran. A nan na ga amfanin saita agogon kyamara daidai.

Gargaɗinsa kan ƙananan hotuna gaskiya ne. A cikin kowane JPEG na kyamara akwai ɗan ƙaramin kwafi, 160 a 120, can kusa da farkon fayil, kuma sau da yawa shi kwamfuta ke nunawa a jeri. Sai ki ga hoto lafiya lau, ki buɗe ki tarar rabinsa na ƙasa toka-toka ne. Guda 571 sun buɗe sumul. Guda 58 sun zo da ciwo iri-iri: wani kan kakar amarya ya fito, daga wuya zuwa ƙasa shafe; wani daga tsakiya launinsa ya juye kore ko ruwan hoda; wani ya goce gefe kamar an yanka an liƙa a karkace. JPEG daga sama yake karantuwa zuwa ƙasa, a 'yan murabba'ai na ɗigo 8 a 8, kuma hasken kowane murabba'i da launinsa a kan wanda ya gabace shi ake lissafa su. Wuri ɗaya ya gurɓace, duk abin da ya biyo baya ya ɗauka. Toka-tokar kuwa na nufin bayanin ya yanke daga nan.

Sanadin wannan daga hannuna ya fito. Lokacin sallar Magariba na zauna na goge hotunan da ba su yi kyau ba a cikin kyamara, guda-guda. Kowace gogewa ta bar gurbi, sababbin da na ɗauka bayan nan suka rarrabu cikin guraben, kai a nan, ƙafa a can. Muddin littafi na nan ba matsala, shi ya san inda kowane guntu yake. Da ya ɓaci, PhotoRec ta kamo kai ta bi layi, ta faɗa cikin jikin wani hoton.

Abin da ya fitar da ni, RAW da JPEG nake ɗauka tare, kowane hoto tagwaye ne. RAW shi ne ɗanyen abin da idon kyamara ya gani: na Canon CR2 ko CR3, na Nikon NEF, na Sony ARW. A cikin 58 ɗin nan, 40 tagwayensu na RAW sun buɗe lafiya. Sauran 18 su ma RAW ɗin sun fashe, amma yawancin fayilolin RAW suna ɗauke da wani babban JPEG a cikinsu, wanda kyamara ke nuna miki a allonta. Da ExifTool muka zaro su, wata manhaja ta kyauta da Phil Harvey ɗan Kanada ya fara fitarwa a 2003. Ba su kai asalin kyau ba, amma sun isa bugawa a albam. Jimla 629.

Waɗanda na ɗauka a jere lokacin fesa turare, goma da 'yan kai, ko ɗaya bai fito ba. Idan ana ɗauka da sauri, kyamara na tara hotuna a wata ma'ajiyar wucin gadi a cikinta, tana sauke su cikin memori a hankali, wannan ne ma'anar ƙiftawar jar fitila. Ma'ajiyar nan da wuta take riƙe abu. Batir na mutuwa suka bi iska, ba su taɓa isa memorin ba balle a nemo su.

Litinin da la'asar na je gidan Hajiya da ƙafata, don wannan ba maganar waya ba ce. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, na zo da magana. Hotuna sun samu, amma na lokacin da Gwaggo ta fesa turare babu." Ta daɗe tana kallon carbin hannunta, sannan ta ce, "Allah bai nufa ba." Fuskarta kuwa ta nuna abin ya taɓa ta, ni ma har yau yana ci min rai. Muka bi ƙawayen amarya, aka dace wata ta ɗauki bidiyo a waya. Na roƙe ta ta turo min a WhatsApp a matsayin fayil, don in aka tura ta hanyar da aka saba matse shi ake yi ya rage kyau. Na ciro hoto ɗaya daga ciki, na buga shi ƙarami a kusurwar shafi.

Daga nan na sauya hali. Batirin araha na jefar. Ba na buɗe murfin memori sai fitila ta daina ƙiftawa, ba na kuma goge hoto a wurin biki. Memori biyu ko uku nake raba wa biki ɗaya, ba na kwanciya sai hotuna sun kwana a wuri biyu, kuma a cikin kyamara nake yin fomat. Da zarar na miƙa aiki, sai na share memorin da manhajar SD Card Formatter, na zaɓi wanda ke bi ya rubuta a kan ko'ina, don kada matan wani gida su bi ni zuwa wani.

Labari ya bazu a unguwa, yanzu mata kan kawo min nasu. Mafi sauƙi su ne waɗanda aka soka a kwamfutar shagon wanke hoto suka ɗebo bairos ɗin nan mai ɓoye foldoji ya bar inuwarsu mai ɗan kibiya. Hotunan na nan a foldar DCIM, ɓoye su kawai aka yi. A kashe bairos, a umarci Windows ta bayyana ɓoyayyun fayiloli, shi ke nan. Kada dai a danna inuwar, ita ce tarkon.

Wanda ya fi ƙarfina na wata maƙwabciyata ne. Ɗanta ya sauke Alƙur'ani, aka yi walima, ta ɗauki hotuna a wayarta, ga yaro da zayyanannen allonsa a hannu. Memorin ta saya ne a gosulo a hannun mai talla, an rubuta GB 128 da sunan wani babban kamfani a jikinsa, a kuɗin da bai kai na GB 16 na gaske ba. Tsofaffin hotunanta suna buɗewa, na watannin baya-bayan nan ba sa buɗewa, alhali ga sunayensu ga girmansu a rubuce. Na yi kwafi, na leƙa cikin fayilolin, sifili ne zalla daga sama har ƙasa. Irin wannan jabun ƙaramin memori ne aka yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara yake faɗin girman ƙarya. Yana cika na gaskiyar, sai ya ci gaba da rubuta sunaye a littafi yana zubar da kayan, wani irin ma komawa farko yake yi ya taka na baya. Bayan na kwashe mata abin da ke da rai, na gwada shi da H2testw, manhajar kyauta ta mujallar c't ta Jamus, wadda ke cika memori maƙil sannan ta karanta ta ga ko abin da ta zuba ya dawo. Bai kai GB 8 ba. Gwajin kan ci awanni, amma ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa duk sabon memorin da na saya sai ya bi ta nan kafin ya ga biki.

Da na yi mata bayani ta ce, "To Maman yara, hotunan saukar suna ina yanzu?" Na ce ba su taɓa shiga ba. Ta sake tambaya ko a Ikeja za a iya, na ce ko ina aka kai shi abin da za a tarar ke nan, kada ta bari a karɓi kuɗinta. Na ba ta shawara ta bi iyayen sauran yaran da suka yi sauka tare, ko ɗanta ya faɗo a hoton wani. Na miƙa hannu zan jefa memorin a kwandon shara, ta ce a'a, in ba ta abinta. Ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafinta, ta yi min sallama.